Kiwon tana da ƙasar da guba ta shiga

Kiwon tana nake yi a bayan Samaru, kuma takin da take fitarwa shi ke riƙe da gidana. Abincinta kashin shanu da ya huce da ruɓaɓɓen kayan miya daga kasuwar Sabon Gari, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Hunturu ne ke ba mu wahala. Ka yi sakaci da ban ruwa, kana ɗaga buhu sai ka tarar cinnaka sun gama da ita.

Masu lambu a bakin rafin Kubanni ne suka jawo ni cikin maganar guba. Shekara da shekaru wasunsu takin bola suke zubawa, kuma kowa ya san abin da ke cikin bola: fasassun batura, gwangwanin fenti, tokar wayar da aka ƙona. Wani dattijo ya ce da ni, "Alhaji, an ce abar nan taka na cinye guba, zuba mana ita." Na ce, "Baba, ba ta cinyewa, ajiya take yi."

Gubar da ake magana ƙarfe ce, ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Idan tana ta haɗiyi ƙasa, wani sinadari a jikinta yakan ɗaure ƙarfen ya tara shi a gefen hanjinta. Wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyom shi ta fi kamawa, dalma kuwa kaɗan-kaɗan. Ta mutu a cikin kwamin, gubar ta koma inda ta fito. Saboda haka kwashewa ce ainihin aikin. Mukan kifa ɓawon kankana a kan ƙasa da yamma, tanar ta taru a ƙarƙashi, mu ɗebe da safar hannu zuwa ramin da muka yi wa siminti. Kafin mu fara da bayan mun gama, sai an kai ƙasar ɗakin gwaji, don ido ba ya ganin dalma.

Masu kiwon tarwaɗa kan zo neman wadda muka kwashe, da kuɗinsu a hannu. Ba na sayarwa. Kifin ya ci, gobe yana cikin miyar wani.

Akwai kuma ƙasar da ta fi ƙarfinmu. A Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinare, kankare ƙasar sama aka yi aka zuba sabuwa. Wanda ya kira ni zuwa filin da aka daɗe ana fasa batirin mota, shawarar da nake ba shi ke nan, kuma kada ya shuka alayyafo ko latas a wurin.