Hinji huɗu na tagulla da suka kashe mini jatan lande

Har yau in na ɗaga murfin tankin kifina, ƙarƙashin murfin nake fara leƙawa kafin in kalli kifin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da na ƙudura ajiye kifin teku a falona a Kano, duk fargabata a kan nauyi take. Tankin gilashin tsawonsa santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, wato lita 300 ke nan. Ruwan gishiri ya ɗan fi na famfo nauyi, lita ɗaya kilo 1.025, don haka ruwan kaɗai ya haura kilo 300. Gilashin mai kaurin milimita 10 ya kusa kilo 60, ga duwatsu ga yashi. Da na haɗa lissafi sai na ga kamar buhun shinkafa takwas zan ɗora wa teburi ɗaya, su zauna a kansa ba dare ba rana. Uwargida ta ce, "Maigida, ranar da abin nan ya karye, ni dai ba ni za ta kwashe ruwan ba."

Saboda haka teburin ya sha kulawa. Na je 'Yan Katako a Na'ibawa da kaina na zaɓo busasshen jan katako, muka zauna da kafintan unguwarmu muka yanka. Firam ɗin sama a kan ƙafafun muka ɗora shi kai tsaye, katako bisa katako, don kada nauyin ya rataya a wuyan ƙusa. Muka rufe bayan da filawud saboda kar ya karkata gefe, na sa lebur ɗin magina na gano tayil ɗin falon ba daidai yake ba, na cusa siraran katako a ƙarƙashin ƙafa biyu. Shi ke nan labarin teburi. Shekara biyu ke nan ko ƙara bai taɓa yi ba.

Murfin kuwa kallon ado na yi masa. Abin da nake so kawai ya ɓoye fitilu, ya hana kifi tsalle waje, ya tare ƙurar hunturu. Sai na sa aka haɗa shi da ragowar allon MDF, wato na garin katako da aka matse da gam, a rufe ruf ta kowane gefe. Kafintan ya tsaya da guduma a hannu ya ce, "Alhaji, da ka bar masa hanyar iska ta baya." Na ce masa bai san ƙurar Disamba ba ne. Ya ce to.

Ba a yi sati shida ba allon ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, hinjin ƙarfen suka yi jawur da tsatsa, gishiri ya fito fari fat a kowane lungu kamar kanwa. Tururin da ke tashi daga tanki ba ya ɗauke da gishiri, shi ya sa ruwan daɗi ake ƙarawa in ruwan ya ragu. Amma kowane ɗan kumfa da ya fashe a saman ruwa yana watsa feshin gishiri, ga zafin fitila, ga ba iska. Cikin murfin nan bai taɓa bushewa ba ko na awa ɗaya.

A nan ne na yi wayon da ya ci ni. Na canza allon da filawud, na ce tunda ƙarfe na tsatsa, bari in sa na tagulla. Na sayo hinji huɗu masu ƙyalli kamar zinari da sukurorinsu. Kuma don kada su ɓata kyan gaban murfin, sai na ɗaura su ta ciki. Ta ciki, daidai saman ruwa. Har hoto na ɗauka ina nuna wa abokai.

Bayan kamar wata guda dodon koɗin da ke share gilashi suka fara faɗowa. Ka mayar da shi jikin gilashi, da safe ka tarar da shi a kan yashi a kife. Sai jatan landen nan biyu masu jan baya da farin layi, waɗanda ke hawa hannuna in na sa shi a ruwa, suka daina fitowa daga bayan dutse. Ɗan murjanin da nake ji da shi, wata halittar teku mai rai da ke manne a dutse, ya tsuke ya ƙi buɗewa. Kifin kuwa garau, suna cin abinci suna wasa, kuma wannan ne ya ɓatar da ni. Na auna gishiri, 1.025, daidai yadda ya kamata. Zafi digiri 26. Ammoniya, gubar da kashin kifi ke haifarwa, babu. Na zargi buhun gishirin, na zargi ruwan da nake saya, har na kira wanda ya aiko mini da dabbobin daga Legas na gaggaya masa maganganun da daga baya sai da na ba shi haƙuri.

'Yata ce ta gano, mai shekara bakwai. Na ɗaga murfin zan zuba abinci, ita kuma saboda gajarta ta ƙasa take hangowa, ta ce, "Baba, me ya sa ƙarfen nan ya koma kore?" Na sunkuya. Hinjin duka huɗu sun yi kore shar, kuma a bakin ɗaya ga ɗigon ruwa yana lilo, yana shirin faɗawa cikin tanki. Jikina ya yi sanyi, don na sani sarai tagulla jan ƙarfe ne aka haɗa da tutiya. Na sani, ban dai haɗa biyu da biyun ba sai a lokacin.

Jan ƙarfe ga kifi magani ne, da shi ake kashe ƙwayar cutar da ke fesa musu fararen ɗigo a jiki, kuma suna jure wajen miligiram 0.2 a lita. Jatan lande da dodon koɗi da murjani kuwa abin da bai kai haka ba ko kusa yana gamawa da su. Da abin gwajin jan ƙarfe ya iso bayan sati guda, ya nuna akwai shi a ruwan. Lokacin jatan landen biyu sun mutu, dodon koɗi goma sha ɗaya sun bi su, murjanin ya narke.

Cire hinjin minti goma ne. Fitar da abin da suka zuba shi ne aikin, domin dutse da yashi suna shanye jan ƙarfe, su riƙa sako shi a hankali. Duk sati sai na canza lita 75, kowane canji kusan kilo biyu da rabi na gishirin teku, wanda ba a samunsa a kantin unguwa. Na cika matatar da gawayin tace ruwa ina sauyawa, duwatsun da ke daidai ƙarƙashin hinjin kuwa na fitar da su gaba ɗaya. Kuɗin da na kashe a gishiri kaɗai ya ninka kuɗin teburin da murfin a haɗe, a kan hinjin da ba su kai kuɗin man mota na kwana ɗaya ba. Wannan lissafin ne har yanzu yake ci mini rai.

Murfi na uku da na kira kafintan, sai ya tambaye ni yana danne murmushi, "Alhaji, bayan a rufe ko a buɗe?" A buɗe. Na manna fankar kwamfuta biyu masu bolt 12 suna jan iska waje, na shafe cikin da farin fentin epoxy mai hana ruwa shiga sau uku har bakin allon da aka yanka, don ta nan ruwa ke shiga filawud. Ba ƙarfe ko ɗaya a ciki, gam ne da turakun katako. Hinjin suna waje kowa na ganinsu, na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316, wanda ake sa wa jiragen ruwa. In kana haɗa naka, kwanta a ƙasa ka kalli murfin daga inda ruwa yake kallonsa, duk abin da ka gani mai ƙyalli ka cire shi. Fankokin ma sun taimaka da zafin Afrilu, sai dai ruwan da nake ƙarawa kullum ya ƙaru sosai. Ƙurar da na yi ta tsoro kuwa, ragar sauro na ja a bayan, duk Juma'a in goge.

Sai da aka yi wata huɗu na yi ƙarfin halin sa dodon koɗi guda ɗaya tak a matsayin gwaji. Kwana uku ina tashi da asuba da tocila ina dubawa ko yana manne da gilashi. Yana nan har yau, ya yi ƙato. Jatan lande dai ban sake saya ba tukuna, ko da yake 'yata tana ta tambaya.