Baba da tabaran wasan bidiyo

Yau da la'asar a gidanmu na Birni, ƙanena da ya zo daga Yamai ya ɗaura wa Baba tabaran wasan bidiyon nan mai rufe ido, mai sa ka ga kamar kana wata duniya. Tun da ya faɗi a ƙofar masallaci Baba bai saki sanda ba. Sai ga shi yana kauce wa ƙwallaye, hagu, dama, har da ɗaga ƙafa. Ni kuwa na damƙe gefen rigarsa, tsoron jiri. "Ke, sake ni mana!" in ji shi, yana dariya.

Ashe tsayuwa daram aikin ido ne da cikin kunne da tafin ƙafa, kuma horo na gyara ta. Har magariba bai nemi sandar ba. Ina jin tsoronmu ne ya zaunar da shi, ba ƙafarsa ba.