Ashe ba darbejiyar ba ce

Wata 7 na yi ina haɗa maganin feshi daga man darbejiya don kashe darɓar wake, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. A gonar gwaji maganin ya yi aiki, ba a nan matsalar take ba.

Tunda mai ba ya haɗuwa da ruwa, dole a zuba sinadarin da zai haɗa su. Na ɗauki wanda na tarar a kan kanta a ɗakin gwaje-gwaje, nonilfenol etoksilet, don yana da arha kuma yana sa haɗin ya yi fari fat kamar madara. Ko takardarsa ban buɗe ba. A ganina ɗan rakiya ne kawai, darbejiya ce mai aikin.

Gwajin guba kuwa na ture shi can ƙarshe. Sai da malamina ya ce, "To, in an yi ruwan sama, feshin nan ina zai gangara?" Na ce, "Fadama, Malam." Ya yi shiru yana kallona.

Na zuba dafniya, 'yan mitsi-mitsin halittun ruwan nan, a kofuna na awa 48. Tun kafin lokacin ya cika suka daina motsi, har a kofin da na fi tsinkawa. Mako biyu ina zargin darbejiya, ina rage ta, ba canji. Ranar da na gwada ɗan rakiyar shi kaɗai, ba ɗigon mai, haka suka sake zubewa. Ashe idan ya ruɓe a ruwa nonilfenol yake komawa, wanda ke kwaikwayon sinadarin jikin mace har ya rikita haihuwar kifi. Tun 2003 Tarayyar Turai ta yi dokar taƙaita amfani da shi. Duk wannan yana rubuce, karatun minti goma ne!

Na koma kan alkil poligulukosaid, wanda ake yi daga sukari da man tsirrai. Haɗin farko kafin azahar ya rabu, mai a sama ruwa a ƙasa, don haka gwajin gona ma sai da na sake shi daga tushe. Damina guda ta tafi.

Yanzu duk abin da zai shiga kwalbata sai ya fara shiga kofin dafniya shi kaɗai, tun makon farko. Ita kanta darbejiyar ban ɗaga mata ƙafa ba, don in ta yi yawa a ruwa ita ma tana kwantar da su.