Alkakin Gwaggo

Kashegarin sallah, sha ɗaya na dare ta wuce. An ɗauke wuta, ɗaki ba ya shiguwa don zafi, kun san Tawa a wannan lokaci. Ina kan tabarma a tsakar gida, kowa ya yi barci ban da ni.

Jiya na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Tun da aka sauko idi yara ke sallama ayari-ayari, kowa da sabon ɗinki, Ummi na bakin ƙofa da robar alawa tana ba su bibbiyu, ni kuma ina bin ƙanana da dala biyar-biyar. Leda uku Abban Ummi ya sayo a babbar kasuwa, ko ɗaya ban ɓare ba. Cincin ɗin da na soya da hannuna ma guda uku na ɗanɗana don in ji ko ya soyu. Miyar zabi na ci na ƙoshi, na bi da ruwan randa. Da na kwanta har daɗi nake ji a raina.

Kafin azumi na yi awon sukarin jini, takardar ta nuna 1,18. Likita ya ce daga 1,26 ake kiran sa ciwon sukari, ni ina bakin rijiya ne, ban faɗa ba tukuna. Ya ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, in mutum zai iya, kada ya wuce giram 25 na sukari a yini, wato cokalin shayi 6, alhali gwangwanin Coca-Cola guda ɗaya yana da wajen giram 35. Tun ranar nake lissafin cokali a kaina, har da na shayin da Abban Ummi ke dafawa bayan isha'i.

Yau da la'asar muka je gaishe da Gwaggo. Ba mu gama "an yi sallah lafiya" ba ta miƙe da ƙyar, dafe da gwiwa, ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar langar nan mai zanen fure. Ta ɗage faifai. Alkaki ne jere, ja-ja-wur, yana ƙyalli, zuma ta taru a gindin langar, ƙamshin man shanu ya cika zauren. Ta turo gabana.

"Ci, ɗiyata. Kwana ukku ina aikinai, tun daga jiƙon alkama."

Na ɗauki ɗaya na gutsuri gefe, na riƙe sauran a hannu. Zumar na bin yatsuna. Na ce, "Gwaggo, ki yi mini afuwa, likita ya hana ni zaƙi."

"Wane zaƙi? Wanga zuma ce tsantsa, ba sukarin kanti ba. Allah da kansa ya ce akwai waraka cikinta."

Na yi shiru. Ayar gaskiya ce, tana cikin Suratun Nahli, ba ni da bakin ja da ita. Sai dai na tambayi likita wannan maganar da kaina, ya ce a lissafin cokalin nan zuma da sukari layinsu ɗaya. Ta yaya zan kawo wa dattijuwa wannan bayani a zaurenta, ana cikin sallah, yara na kallo?

Ta dube ni, ta dubi gutsuren da ke hannuna. "Ko dai kin raina abin hannuna? Kun zamna Yamai kun saba da gato, namu na tsohi ya zan abin ƙi."

A nan bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ba haka ba ne, Gwaggo. Baba nake tunawa."

Zauren ya yi tsit. Ita ce fa ta yi jinyarsa. Ita ke wanke masa gyambon ƙafar nan kowace safiya da ruwan ɗumi, ni ina makaranta a Yamai sai dai in kira a waya. Ta ja faifai ta rufe langar a hankali, hannunta na ɗan rawa. Can ta ce, ba ni take kallo ba, "Yaya ya so alkakina. Ko bayan da anka hana mai, in ya roƙe ni sai in ƙulle mai guda cikin haɓar zane in kai mai, kada Innarku ta gani." Ta ɗago. "To ke nan ni ce na…"

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce kwana ne ya ƙare, Gwaggo, kowa da ranarsa, babu wanda ya yi wa Baba abin da kika yi masa. Na buɗe langar da kaina, na cinye wanda ke hannuna, na ƙara wani. Yana da daɗi ƙwarai, irin na da can, mai ɗan tsami-tsami a ciki. Ina tauna hawaye na taruwa mini. Ta ce Allah ya yi mini albarka, amma fuskarta ba ta dawo daidai ba har muka yi sallama.

Gidan Anti Rabi lemon kwalba. Na ce a ba ni ruwa, ba wanda ya ce uffan. Gidan su Hadiza ba mu same su ba.

Alkaki biyu ba su ne suka hana ni barci ba, gobe in na yi tafiyar ƙasa da sassafe zan rage nauyin abin. Maganar da na fito da ita ce. Shekara shida tana ɗauke da wannan ƙullin a ranta, ko kuwa ni ce na ɗora mata shi yau? Da na ce cikina ya cika, ki ƙulle mini in tafi da shi, da an rabu lafiya.

Kowace sallah takan ƙulle mini nawa daban a baƙar leda. Yau sai ta miƙa wa Ummi ledar, ta ce na yara ne. Ni kuma ta damƙa mini goro biyu farare a tafin hannu, ta riƙe hannun ta daɗe ba ta saki ba.

Gobe gidan surukai, can ma nakiya na jira, zan ci tuwo in ƙoshi kafin in fita. Amma sai na fara biyawa ta wajen Gwaggo da hantsi, ni kaɗai, in share mata tsakar gida in zauna mu yi hira.