Gardamarmu ni da ƙanina a kan Emilia Clarke

Ranar 19 ga Mayun 2019 tashar HBO ta saki fitowa ta ƙarshe ta Game of Thrones, shirin talabijin mai dogon zango. A nan wajenmu azumi ya kai tsakiya, don haka na ajiye kallon sai bayan Sallah, na kuma ƙaurace wa Facebook don kada wani ya ɓata min labari. Da lokaci ya yi, ni da ƙanina muka zauna a tabarmar soron gidanmu, kwamfuta a kan kujerar tsugunno, batir saura kaɗan. Muna gamawa ya rufe ta da ƙarfi, ya ce, "Yaya, yarinyar nan ta kashe mana shirin." Yana nufin Emilia Clarke, jarumar da ta fito a matsayin Daenerys, sarauniya mai dodanni. Daga daren nan muka fara gardamar da har yau ba ta mutu ba.

Hujjarsa ita ce Daenerys, wadda muka bi tun 2011 tana 'yanta bayi, ba za ta wayi gari ta ƙone birnin King's Landing da mata da yara a ciki ba. In kuwa mai kallo bai yarda da juyewarta ba, a ganinsa jarumar ce ta gaza gamsar da shi. Ba shi kaɗai ya fusata ba. Sama da mutum miliyan ɗaya sun sa hannu a takardar koke a intanet suna neman a sake zango na 8, wato na ƙarshe, gaba ɗaya.

Ni ma na ji zafin ƙarshen, amma ban yarda a ɗora wa Emilia Clarke ba. Ba ita ta rubuta labarin ba. Marubutan shirin, David Benioff da D. B. Weiss, su ne suka matse zangon a fitowa 6, alhali zanguna shida na farko kowanne 10 ne. Littattafan George R. R. Martin da ake dogaro da su kuma sun tsaya tun 2011, shirin ya wuce su. A fitowa ta 3 Jorah, amintaccen mai tsaron Daenerys, ya mutu a hannunta. A ta 4 aka harbo ɗaya daga dodanninta, aka sare kan aminiyarta Missandei tana kallo. A ta 5 ta cinna wa birni wuta. Tafiyar da take buƙatar zango guda aka ce ta yi a makonni uku. Ai ko doki ne, in ka ƙure masa gudu sai ya yi tuntuɓe.

Abin da nake roƙon ƙanina ya sake kallo shi ne lokacin da ƙararrawar miƙa wuya ta fara kaɗawa. Tana bisa dodonta a kan ganuwa, ba a ba ta kalma ko ɗaya ba. Numfashinta yana sarƙewa, leɓenta yana rawa, ido ya ciko amma hawaye bai zubo ba, sannan ta kafe fadar da aka ƙwace wa gidansu da kallo. Ka tuna kuma babu dodo babu birni a gabanta lokacin ɗauka, na'ura ce take kai da koren ƙyalle a baya. Dalilin da alƙalami ya kasa kawowa, ita ta yi ƙoƙarin kawo shi da fuska.

A fitowar ƙarshe ma haka. Ta tsaya gaban rundunarta ta yi dogon jawabi da harsuna biyu da aka ƙirƙira domin shirin, muryarta kuwa sai da ta sa tsigar jikina ta tashi tun kafin na karanta fassarar. Jim kaɗan ta shiga rusasshen zauren sarauta, ta taɓa karagar ƙarfe, ta juyo tana ba masoyinta Jon Snow labarin yadda take hasashen karagar tun tana yarinyar da ba ta iya ƙirga ashirin ba. Fuskar ta koma ta ƙaramar yarinya. Shi ya sa da ya soka mata wuƙa na ji abin har cikin raina, duk da na ga ɓarnar da ta yi.

Akwai abin da na sani tun kafin kallon wanda ya ƙara min ganin girman Emilia Clarke. A Maris na 2019 ta bayyana cewa a 2011, tana da shekara 24, jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa, har ta kai ta kasa tuna sunanta. A 2013 aka sake yi mata tiyata. Wannan matar ce ta haddace jawabi da harshen da babu al'ummar da ke magana da shi.

Ƙanina yakan ce tausayi ne yake rufe min ido, ya kuma tuna min cewa a Emmy, kyautar shirye-shiryen talabijin, ta shekarar an sa sunanta amma Jodie Comer ce ta ɗauka. Gaskiya ne. Sai dai watan jiya na leƙa ɗakinsa na tarar ya kunna wurin ƙararrawar nan, ya cire sauti, yana kallon fuskar kawai. Ya ɗago ya ce, "Yaya, nan ɗin dai ta yi. Sauran ne ban yafe ba."