Tafiyata zuwa Cocin Long Melford

Daga tashar Liverpool Street ta Landan na shiga jirgin ƙasa, na sauya a Marks Tey zuwa Sudbury, sannan motar safa ta ƙarasa da ni Long Melford da ke yankin Suffolk, a gabashin Ingila. Ƙauye ne mai dogon titi, cocin Holy Trinity kuma yana can ƙarshensa ta arewa, a kan tudu.

Girman ginin ya fi ƙarfin ƙauyen, kuma dalilin haka shi ne ulu. A ƙarni na 15 attajiran wannan yanki sun yi arziki da saƙar tufafin gashin tumaki, su ne kuma suka zuba dukiyarsu aka sake gina cocin tsakanin 1467 da 1497, bisa jagorancin John Clopton na gidan Kentwell. Da yake yankin ba shi da dutsen sassaƙa, sai magina suka riƙa fasa baƙin dutsen ƙanƙara, irin wanda ake ƙyasta wuta da shi, suna jera shi a tsakanin farin dutsen da aka kawo daga nesa, har bangon ya fito da zane mai ƙyalli. Tagogi kuwa dogaye ne, sun yi yawa har bangon ya zama siraran ginshiƙai, haske na kwarara ciki ta ko'ina.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne rubutun da ya kewaye ginin ta waje, inda aka sassaƙa sunayen waɗanda suka biya kuɗin kowane sashe, tare da roƙon masu wucewa su yi musu addu'a. Mutanen nan sun ɗauki aikin tamkar sadaka mai gudana, kuma a ganina wannan rubutu ya fi kowace ƙawa ta ginin daraja. Hotunan wasunsu suna nan a gilasai masu launi na ɓangaren arewa, sun durƙusa cikin kayan zamaninsu.

Hasumiyar ba ta asali ba ce, domin tsawa ta lalata ta farko wajen 1710, wadda ake gani yanzu kuma an kammala ta a 1903. A gabas akwai ɗakin ibada na Maryamu, wanda ya zama makarantar ƙauyen daga 1670, kuma har yau jadawalin sau da yara suka yi karatu da shi yana jikin bangonsa.