Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Muka Bi Gida-Gida da Ɗigo Biyu

A makon jiya na tsaya a kan yadda aka ɗauke ni daga Keita aka maida ni aiki a wata ƙaramar likita, wato asibiti, a cikin gundumar Birnin Ƙwanni, a farkon shekarar 2004. Na iso a daidai lokacin da shaushawar shan inna ta zama aiki mafi wuya a duk bakin iyakarmu da Nijeriya, kuma abin da na gani a wannan shekara shi ne ya kafa mini ra'ayin da nake riƙe da shi har yau game da neman yardar mutum kafin a sa masa magani a jiki.

Duk wanda ya san Ƙwanni ya san cewa iyaka a takarda kawai take. Mutanenmu suna cin kasuwar Illela ta Sakkwato, suna aure can, suna kai albasa har Kano, saboda haka maganar da aka yi a Kano ba ta cika mako guda ba ta iso zaurukanmu. Tun tsakiyar 2003 wasu jihohin arewacin Nijeriya, Kano a kan gaba, suka dakatar da rigakafin shan inna, bayan da aka yaɗa cewa an sa masa abin da zai hana ƴaƴa mata haihuwa. A lokacin Nijar tana cikin ƙasashe shida da cutar ba ta taɓa yankewa a cikinsu ba, tare da Nijeriya, Indiya, Pakistan, Afganistan da Masar. Don haka gwamnati, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, ta riƙa jera zagaye bayan zagaye. Aikin a faɗe mai sauƙi ne: a shiga kowane gida, a ɗiga ɗigo biyu a bakin duk yaron da bai kai shekara biyar ba, a shafa masa tawada a yatsa, a rubuta alama da alli a bango. Kowane zagaye ƴan kwanaki ne, kuma kowace yamma sai an aika da lissafi sama, a ce yara nawa aka samu, gida nawa aka ƙi.

Zafin bazara ma yana cikin masu ƙirga mana lokaci. Ƙanƙarar da ke cikin akwatin sanyi tana narkewa tun kafin azahar, kuma kowace kwalba tana ɗauke da wata ƴar alama mai kusurwa huɗu wadda take duhu idan zafi ya taɓa maganin, in ta yi duhu kuwa sai zubarwa. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya gane cewa masu matsa mana mu yi sauri suna da dalilinsu, ba mugunta ba ce.

A wani gari da ke ƙarƙashin likitarmu akwai wani dattijo, ɗan kasuwar albasa, mai mata uku da ƙananan yara da yawa. Ƴan shaushawa sun je gidansa an maido su daga zaure, shi ya sa na tafi da kaina. Na same shi a kan tabarma yana jan casbaha, muka gaisa sosai, ya sa aka kawo mini fura, sannan ya ce:

“Ɗiyata, na san ba za ki cuce ni da saninki ba. To amma ke an gaya miki abin da ke cikin kwalbar nan, ko kuwa miƙo miki aka yi aka ce ki ɗiga?”

Na ce, “Baba, an karantar da mu abin da ke ciki. Ƙwayar cutar ce aka raunana ta, don jikin yaro ya san ta tun kafin mai ƙarfin ta zo.”

Ya ce, “Ina Kano shekarar sankarau. Su ma waɗancan iyayen cewa aka yi za a taimake su. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Kuma ki gaya mini, me ya sa idan zazzaɓi ya kama yarona sai na sayar da akuya kafin a ba shi ƙwaya, amma wannan ana biyo ni da shi har gida kyauta?”

Tambayarsa ta biyu gaskiya ce tsantsa, domin a lokacin sai an biya kafin a duba yaro, sai a 2006 ne gwamnati ta ayyana jinyar ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Ta farkon kuwa tana da tushe da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya sani. A 1996, ana tsakiyar annobar sankarau mafi muni da yankinmu ya gani, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Yara kusan 200 ne aka sa cikin gwajin, aka ba kusan rabinsu sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba da shi. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da kurunta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su kuma an nemi yardar iyaye da baki, iyayen kuma suka ce ba wanda ya bayyana musu cewa gwaji ake yi, ba a kuma gaya musu suna iya ƙi ba. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Tun 1947, bayan ta'asar da likitocin Jamus suka yi a yaƙin duniya na biyu, aka rubuta ƙa'idar Nuramba wadda farkon sharaɗinta shi ne yardar mutum da son ransa, aka ƙara jaddada ta a Helsinki a 1964, amma iyayen nan na Kano sun ce ba su ga amfanin ƙa'idar ba a ranar da suka fi bukatarta.

Maganin shan inna na baki ba gwaji ba ne, tun shekarun 1960 ake ba da shi a duniya, kuma na gaya wa dattijon haka. Sai dai ban iya ce masa jahili ba, kamar yadda wasu abokan aikina suke cewa da yamma idan ana haɗa lissafi. Mutumin ya ji labarin gaske, ya yi masa fassarar da duk uba mai son ƴaƴansa zai iya yi.

Wani daga cikin masu sa ido da aka turo mana ya ba da shawarar a jira sai maza sun tafi Juma'a, a shiga gidajen da suka ƙi, a ɗiga wa yara a fito, tunda mata ba za su iya hanawa ba. Ya ce abu ne na daƙiƙa biyu kuma alheri ne ga yaran. Na ƙi, na kuma hana ƴan tawagata. Dalilina shi ne, shi mai sa ido zai koma birni da lissafinsa cikakke, ni kuwa zan zauna da garin. Tawada tana nan a yatsan yaro idan uban ya dawo, matar ce za ta sha faɗa, wataƙila ma a ba ta takardarta, sannan daga ranar ba za ta sake taka likita ba, ko don awon ciki, ko don allurar dusa, wato ƙyanda, wadda ke kashe yara fiye da shan inna nesa ba kusa ba. Ɗigo biyu na zagaye ɗaya ma ba su isa su kare yaro ba, sai an maimaita, kuma gidan da aka shiga da dabara ba ya sake buɗuwa.

Abin da na yi shi ne na koma wurin dattijon da autana, wanda a lokacin bai kai shekara uku ba. Na buɗe akwatin a gabansa, na ce ya zaɓi kwalbar da ya ga dama da hannunsa, ya zaɓa, na matsa kumatun yaron na ɗiga masa, yaron ya yamutsa fuska saboda ɗacin. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce zai yi shawara. A wannan zagaye an rubuta gidansa cikin waɗanda suka ƙi, kuma na sha magana a kai. A zagaye na gaba shi ya fito da yaran da kansa. Maƙwabcinsa kuwa bai taɓa yarda ba har na bar garin, kuma ban taɓa ƙetare zaurensa ba tare da izininsa ba.

Wahalar da ta fi wannan ita ce ta gidajen da ba maza. Adarawa mutanen bida ne, da an kai amfanin gona rumbu sai samari da magidanta su kama hanyar Abijan ko Libiya ko kudancin Nijeriya, ba su dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Sai ka tarar da mace da goyo da wasu biyu a gefe, tana so a ɗiga musu, amma ta ce, “Malama, mai gidan bai bar mini wannan magana ba.” Maigari kuma yakan ce ya yarda a madadin gari duka, sai dai yardar maigari izinin shiga gari ce kawai, ba ta ba ni ikon buɗe bakin ɗan wani ba. A ra'ayina amincewar uwa ta isa a kan lafiyar ɗanta, ita ce ke kwana zaune idan jikinsa ya yi zafi, amma ba zan ɗauki ra'ayina in jefa aurenta cikin haɗari ba. Mukan nemi uwar miji ko wan miji, in sun amince a yi. Daga baya muka roƙi liman ya ba mu ƴan mintoci bayan sallar Juma'a a lokacin kaka, kafin maza su watse, muka bayyana musu cewa za a zo zagaye a bayansu, kowa ya bar wa iyalinsa magana. Wannan ya rage mana gidajen da ake cewa a jira mai gida fiye da duk wata dabara, kafin salula ta yawaita ta sauƙaƙa abin.

Akwai masu cewa tsayawa bayani da neman yarda shi ke sa rigakafi tafiyar hawainiya a ƙasashenmu. Ni dai a aikina ban ga haka ba. Da aka kawo MenAfriVac, allurar sankarau nau'in A da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010 don masu shekara 1 zuwa 29, ba mu bi kowa gida ba, layi ne ya yi mana yawa, domin ba gidan da bai san abin da sankarau ke yi wa wuyan yaro ba. A 2015 kuma, da nau'in C ya ɓarke har aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilu, mutane kusan 8,500 suka kamu, fiye da 500 suka rasu, iyaye suna yawo daga farmasi zuwa farmasi da kuɗinsu a hannu suna neman allurar da babu ita, har wasu marasa tsoron Allah suka shigo da ta jabu. A wannan shekara yardar jama'a tana nan, maganin ne ya makara.

Haka ma korona. Ingila ta fara yi wa mutanenta allura a watan Disamba na 2020, mu kuwa sai ƙarshen Maris na 2021, da allurai 400,000 na Sinopharm da ƙasar Sin ta ba mu, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 20. Da maganin ya iso kuma sai ya tarar da zukata sun riga sun rufe. Tun Afrilun 2020 wani bidiyo ya zagaya wayoyi, inda wasu likitoci biyu na Faransa suke magana a talabijin a kan yin gwaji a Afirka, kuma ana gab da kawo mana AstraZeneca wasu ƙasashen Turai suka dakatar da ita na ɗan lokaci saboda maganar daskarewar jini. A lokacin ina Tawa, shekarun aikina sun zo ƙarshe. Kwalbar AstraZeneca ɗaya ta mutum goma ce, in an buɗe ta sai an ƙarar cikin awa shida, don haka idan mutum bakwai suna zaune a benci zuciya takan raya wa ma'aikaci ya ce wa sauran ba ta da wata illa ko kaɗan, don a cika goma. Ni nakan gaya wa kowa cewa dantse zai yi ciwo, zazzaɓi na iya zuwa na kwana ɗaya ko biyu, kuma akwai wata matsalar jini da ba kasafai ake ganinta ba, sannan in gaya masa alamun da zai gani ya dawo da gaggawa. Wasu sun tashi sun tafi. Waɗanda suka zauna, da zazzaɓin ya zo ba su ce an yaudare su ba, kuma yawancinsu sun dawo allura ta biyu.

In koma 2004, Kano ta janye dakatarwar a watan Yuli, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin da aka sarrafa a Indonesiya, ƙasar Musulmi. Amma kafin nan ƙwayar cutar ta riga ta bazu, ta koma ƙasashe kusan 20 da suka rabu da ita, har ta kai Sudan da Yaman da ita Indonesiyar. Nijar ta fita daga jerin ƙasashen nan shida a 2006, Afirka baki ɗaya kuwa sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a waɗannan shekaru yanzu magidanta ne da matan aure.

Damina ta sauka a wannan shekara muna cikin wannan hali, hanyoyi suka yanke, aikin likita ya koma kan zazzaɓin cizon sauro da haihuwa. Cikin wani dare na watan Agusta aka kawo mini wata yarinya a amalanke, naƙuda ta tsaya mata tun jiya, tana bukatar a kai ta babbar likita a yi mata aiki, mijinta yana Abijan bai dawo noma ba, surukinta kuma ya ce shi ba zai dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Faransanci ba. Yadda muka kwana da wannan magana shi ne zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.